Ciyawar Baban Shamima

Queens, New York
10 ga Mayu, 2015

Zuwa ga Yayata Abiba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Damagaram. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Labarin gidanmu shi ne Baban Shamima ya tashi haiƙan yana tone ƙofar gida. A nan kowane gida da ɗan filinsa na koriyar ciyawa a gaba, a ba ta ruwa, a zuba mata taki, duk mako a bi ta da inji a aske. Shekara goma sha ɗaya yana wannan bauta kowace Lahadi, bayan kwana shida yana jiran fasinja da tasi a filin jirgin JFK. Yanzu ya ce ya gaji. Ya kware ta duka, ya dasa wata da ya ce ita ce ta asalin ƙasar nan tun kafin a gina birnin, wai 'yar uwar gambarmu ce. Ba ta neman ban ruwa ko taki, sau ɗaya ake yanke ta a shekara. Sai dai tana ɗaukar shekara uku kafin ta kafu, domin saiwa take fara yi.

A yanzu abin ba kyan gani, ƙananan tsirrai ne a jere cikin baƙar ƙasa. Na yi masa faɗa cewa in ta girma mutane za su ɗauka kango ne. Dariya kawai ya yi. Na lura yana zama ya huta bayan kowane layi, amma ya ce zafin rana ne.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Firdaoussi

8 ga Oktoba, 2017

Yaya Abiba,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ban gajiyar karɓar gaisuwar rasuwar Baban Shamima a can. Ki yafe mini yadda nake kashe waya in kin kira. Muryarki nake ji sai magana ta ƙi fita, shi ya sa na koma takarda.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Da abokan aikinsa suka dawo da kayan da ke cikin motarsa, na tarar da kwalaben magani da takardun asibiti. Tun watan Maris na 2015 likita ya gaya masa zuciyarsa ta yi rauni. Wata biyu ke nan kafin ya fara tone ƙofar gida. A bayan ƙofar ɗakin ajiya kuma ya manna takarda da rubutun hannunsa: a yanke ciyawar a watan Maris, a bar tsawon taƙi ɗaya, kada a ƙara yi mata komai. Ya san bayana ya lalace wajen ɗaga tsofaffin da nake kula da su, ya san ba zan iya tura inji ba. Ni ya dasa wa, Yaya, ni kuwa ina ta yi masa mita.

Shamima tana so in na fita takaba in sayar da gidan in koma wurinta a unguwar Bronx, bene hawa na biyar. Ta ce ba zan iya riƙe gida da fili ni kaɗai ba. Na ce mata babanta ya riga ya gama wannan maganar. Nan nake so in zauna.

Tunda ba na fita, ta taga nake kallon ciyawar. Bana ce shekararta ta uku. Ta kai ƙugu, ta yi ja kamar jan ƙarfe, tsuntsaye suna sauka suna cin 'ya'yanta. Bai ga wannan launin ba, da sauran korenta ya tafi.

Ki ci gaba da sa shi a addu'a.

Taki,
Firdaoussi

5 ga Nuwamba, 2017

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. An yi addu'ar arba'in, jama'a ta taru sosai, Allah ya saka wa kowa. Amma wani abu ya faru ana gobe addu'ar.

Ranar Asabar da safe ina ɗakin baya tare da mata ana gyaran kayan miya. Na ji motsin maza a waje, na ɗauka rumfa da kujeru suke kafawa, kuma bai kamata mai takaba ta leƙa cikin maza ba. Ashe Alhaji Boubacar ne, shugaban ƙungiyar direbobinmu, ya haɗa gayya. Yawancinsu a Bronx suke, a layin tasi suke haɗuwa da marigayi, bai taɓa gaya musu dalilin ciyawar ba. Da suka zo jana'iza suka ga ta kai ƙugu, sai suka ɗauka ciwo ne ya hana shi gyara, kunya ta kama su cewa ɗan'uwansu ya yi ta fama ba su sani ba. Suka yi alkawari baƙi ba za su zo addu'a su tarar da gidan marigayi Malam Issoufou kamar kufai ba.

Mutum goma sha biyu ne da shebur. Da yankewa kawai suka yi, da ta sake tohowa. Amma Alhaji ɗan manomi ne, ya san halin gamba, ya sa aka tono ta har saiwa. Suka cusa a baƙaƙen leda, mota ta kwashe. Sannan suka shimfiɗa koriyar ciyawa, irin wadda ake sayarwa a naɗe kamar darduma.

Da azahar matarsa ta kamo hannuna ta kai ni taga don in ga abin alherin. Maza suna tsaye a kai, gumi ya jiƙa musu riga, suna murmushi. Na yi kuka, kowa ya ɗauka na godiya ne. Na aika musu da abinci da sa albarka. Me zan ce musu, Yaya?

Firdaoussi

17 ga Yuni, 2018

Yayata Abiba,

Barka da Sallah, da fatan kun sha ruwa lafiya, Allah ya karɓi ibada. Yaya jikin Malam?

Tun da sanyi ya wuce, Alhaji Boubacar yake zuwa duk Lahadi daga Bronx ya aske mini ciyawa. Shekararsa sittin da bakwai, har cikin azumi bai fasa ba. Shamima ta ce ba zai yiwu in dogara da tsoho ba, ranar da ya kasa dole in tashi. Gaskiya ta faɗa. Na gwada injin sau ɗaya, na kwana uku a kwance.

Don haka Lahadin da ta wuce na ciro takardar bayan ƙofa na miƙa masa, na gaya masa komai. Ya karanta, ya zauna a kan matakala, ya cire hula ya riƙe. Daga baya ya tambaye ni abin da ya hana ni magana tun ranar gayyar. Ya nemi gafarata har sau uku, ni ma na nemi tasa.

Yau da safe ya dawo da mutum huɗu daga cikin waɗanda suka yi gayyar. Ya bi ya gano gonar da marigayi ya sayo tsirran. Sun naɗe koriyar ciyawar, sun dasa sabuwa layi layi, ba mai hira, ba mai dariya. Alhaji ya roƙi in bar masa takardar ya kwafa, ya ce yankan watan Maris nasa ne muddin yana raye.

Na gaya wa Shamima ba zan sayar da gidan ba. Sai nan da shekara uku ciyawar za ta kai ƙugu, in Allah ya kai mu. Ina zaune a bakin taga nake rubuta miki, ga tsirran nan a jere cikin baƙar ƙasa. Iri ɗaya ne, na sani, amma ba hannunsa ne ya dasa ba.

Ki gaida Malam da yara, ki ce ina sa musu albarka.

Ƙanwarki,
Firdaoussi