Iska Ma Gida Take Turo Ki

Zuwa ga inuwar kaina, randar sanyin tsakar gidana, wadda furfura ta zo ta same ta da kyanta ta bar ta da shi.

Maƙwabcinmu tela ne ke riƙe da alƙalami, na kuma hana shi gyara mini ko kalma.

Uwar 'ya'yana, tun da jirgin saman nan ya ɗauke ki zuwa wajen auta da jaririnta a ƙetaren teku, raina bai kwanta da lissafin yaran nan ba. Babban ɗanki ya ce tafiyar ba ta kai yini ba. Teku guda? Ni da na tsufa ina fito da kwale-kwale, kogin da nake hangen gaɓarsa ma sai ya ci mini hantsi in ya cika! Kin tashi da safe, kin ci, kin yi barci, ƙafafunki sun kumbura don zama, wai kuma kin sauka rana tana sama, alhali mu nan har kaji sun shiga akurki. Ina sauran yinin ya tafi? Wa ya ɓoye shi?

Na gane dabarar. Ana gajarta mini hanya da baki ne don in hau, in bar gida. Ba su ce wata biyu za ki yi ba? Ga shi gwandar da kika dasa ta fi ƙarfin katanga. An zo an ɗauki keken ɗinkinki, wai gyara. Wane gyara, keken da ke kuka kamar kanari? Jiya kuma na ga babban ɗan naki yana auna ɗakinki da ido. Biri ya yi kama da mutum!

Kin tuna ranar da kika fara shiga jirgina, kika ƙanƙame gefensa, kika ce in yi miki alkawarin dawo da ke? Na dawo da ke, ban karɓi ko sisi ba, har yau kuma ban sauke ki ba. Wannan matuƙin na sama, wane alkawari ya yi miki?

Kada su sayo mini tikiti. Ba zan hau abin da ba a iya tsayar da shi a tsakiya ba. Ina nan bisa kujerar ƙofa, kofinki a kife inda kika bar shi.

Magana ɗaya ce tasu na gaskata. Surukinki ya ce dawowa ta fi zuwa sauri, don iska ce ke tura jirgin daga baya. Wannan na sani, haka ruwa yake yi wa mai komowa. To, hasken idona, idan iska ma ta san inda gidanki yake, me ya tsare ki?

Naki, tun daga wancan fito har wanda ba a dawowa,
Tsohonki mai taurin kai.