Baikon Tirtza

Lahadi, 4 ga watan Shebat

Aure na sittin da ɗaya da na haɗa ya ɗauru ran Alhamis. Ɗan gidan Kirshenboim da 'yar mai sayar da littattafai. Masu dalilin aure uku sun ce ba za ta yiwu ba, ni Fruma na haɗa su. Duk unguwar Geula ba wadda ta kai ni ido. Ba yabon kai ba ne, haka ake faɗa.

A ɓangaren mata, ana tsakiyar rawa, wata ta raɗa mini: "Saura na Tirtza, Allah ya nuna mana." Na ce amin. Shekara huɗu ke nan ina cewa amin. 'Yata ta cika ashirin da huɗu.

Talata, 6 ga Shebat

Perel, ƙanwar mijina, ta bugo waya wai tana da sunan wani saurayi da zai dace da Tirtza. Perel da ko safa biyu ba ta iya haɗawa su dace. Gedaliya Zilbermintz, shekara ashirin da shida, karatu da safe, da rana yana koyar da yara. Ubansa gidan burodi gare shi a garin Bnei Brak. Kakana ya yi shekara talatin yana alƙalanci a kotun malamanmu na Yahudawa a nan Urushalima, yau kuma a kawo mini ɗan mai burodi.

Mijina Anshel ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Kakan naki ma burodi yake ci, Fruma."

Na buga waya gida tara ina neman aibu. Malaminsa ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Maƙwabciyarsu ta ce shi ke kai kakarsa asibiti duk mako. Na ɗan ji haushi.

Alhamis, 8 ga Shebat

Tirtza da Gedaliya za su haɗu ran Lahadi a falon otal. Na zaunar da Tirtza na maimaita mata: maganar ciwon suga sai zama na huɗu. Haka nake gaya wa kowace yarinya mai larura. A bari ya san ta tukuna. Tun tana 'yar shekara tara take da shi, kuma daga mu sai likita, ko Perel ba ta sani ba. Ɗan injin da ke ba ta magani a ƙarƙashin riga yake, ni na ɗinka masa ɗamara da hannuna. Ba wanda ya taɓa lura. Wannan ma aiki ne, ko ba a yaba ba.

Ta ce, "Mama, sau biyu na jira na huɗu. Kin ga yadda ta kaya."

Na gani. Na farkon ko sallama bai yi ba. Na biyun uwarsa ta ce mun yaudare su. Amma ni na san wannan sana'a, ita ba ta sani ba.

Lahadi, 11 ga Shebat

Ta dawo da la'asar, ina yanka albasa.

"Ya aka ƙare?"

"Lafiya lau. Na gaya masa."

Sai da na ajiye wuƙar. Wai ya sa an kawo musu lemo, ta ce ita ruwa za ta sha, ya tambayi dalili, ta faɗa. Har abin gwajin jini ta ciro daga jaka ta ajiye kan tebur, a falon otal, mutane na wucewa.

"Me ya ce?"

"Ya tambaya ko da zafi. Daga nan ya ce shi ma a canza masa da ruwa. Muka yi awa biyu yana ba ni labarin yaran ajinsa."

Na ce mata ta rusa abin da na yi shekara goma sha biyar ina ginawa. Ta ce, "Ni ce a cikin ginin, Mama. Na gaji da zama a ciki."

Albasar ce ta sa ni hawaye.

Talata, 13 ga Shebat

Shiru. Ba zan kira Perel ba.

Laraba, 14 ga Shebat

Ita ta kira, tana kuka. "Shekara goma sha biyar, Fruma? 'Yar yayana? Ina ta ɗura mata waina da zuma kina kallo?" Na ce yanzu ba lokacin wannan ba ne. Gedaliya yana son zama na biyu. Ubansa ya ce a dakata.

Lahadi, 18 ga Shebat

Uwar yaron ta zo da kanta, a motar haya daga Bnei Brak. Henya sunanta. Gajeriya, hannuwa kamar na namiji, ɗankwali ba na yayi ba. Ta kawo burodin alkama baƙi ta ce, "Ban sani ba ko wannan tana ci."

Na fito da kofunan mahaifiyata masu bakin zinariya. Ko kallonsu ba ta yi ba.

Ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba, mijina tsoro yake ji. Haihuwa yake tunani. Ni ma haka. Amma yaron nan kwana bakwai ba ya cin abinci kamar da. Ina so in ji daga bakin likitanta."

Na buɗe baki zan ce 'yata ba kayan kasuwa ba ce da za a juya ta gaba da baya, sai ga Tirtza a bakin ƙofa.

"Jibi ƙarfe goma nake ganinsa. Ki zo mu tafi tare. Ki zo da tambayoyinki duka, har da na maigidan."

Henya ta dube ta ta daɗe, sannan ta ce mini, "Kin iya tarbiyya." Na ƙara mata shayi.

Talata, 20 ga Shebat

Sun tafi, ban da ni. Na goge kayan da na riga na goge jiya.

Tambaya goma sha huɗu Henya ta rubuto a bayan takardar awon fulawa. Likita ya amsa duka, bai rage wa komai nauyi ba: akwai kula, akwai wahala, kuma mata irinta suna haihuwa lafiya. Yanzu mai burodi zai kai maganar wurin malaminsa.

Alhamis, 22 ga Shebat

Perel ta kawo saƙo da ƙafarta, tana haki. Malamin ya ce: yarinyar da ta faɗi gaskiya tun ba a matsa mata ba, kada ku bari ta wuce ku.

'Yata ce. Ni na haife ta, ni na raine ta. Daga ina ake zaton ta samo wannan hali? Na faɗa wa Anshel haka, ya rufe fuska da littafi, kafaɗunsa suna rawa.

Alhamis, 29 ga Shebat

Zama na huɗu yau. Ta shigo tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ban tambaya ba.

Litinin, 3 ga Adar

An yi baiko jiya a gidanmu. Falo ya cika har matakala. Na gasa kugel, wato wainar taliya, tire uku, su Zilbermintz suka kawo kek kamar za a ciyar da gari. Aka karanta takardar alkawari, ni da Henya muka naɗe faranti a tawul muka buga a bayan kujera don mu fasa shi, kamar yadda al'adar baiko take. Bai fashe ba. Ta ce, "Sakar mini, Fruma, ke hannun waya gare ki." Bugu ɗaya.

"Mazal tov" ta ko'ina, kowa na yi mana barka. Rabin matan wurin Perel suka nufa suna rungumar ta, wai ashe ita ma tana da ido. Ta sa sabon gashin kantinta tana ta sunkuyar da kai kamar amarya. Aure ɗaya tak ta haɗa. Na bar mata, na ma gaya mata ta yi ƙoƙari, kuma kowa ya ji na faɗa.

Gedaliya dogo ne, kunnuwansa sun ɗan buɗe. Da zai tafi ya tsaya nesa kaɗan, idonsa a ƙasa, ya ce, "Na gode da kika kula da ita duk shekarun nan." Ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Na ce ya gaida gida.

Laraba, 19 ga Adar

Gwajin rigar aure wurin Tzirel mai ɗinki. Mata biyu suna zaune suna jira, ɗaya Raizel ce, wadda in ta ji magana da safe, kafin azahar ta kai can garin Haifa.

Tirtza ta tsaya gaban madubi cikin farin yadi, ta ce, "Ina so a yi mini ɗan aljihu daga ciki." Tzirel da allurai a baki ta ce, "Aljihu a rigar amarya? Na mene ne?"

Na ɗaga hannu zan ce na hankici ne. Har kalmar ta zo bakina. Sai na ji kaina ina cewa, "Na injin maganinta ne, tana da suga. A yi shi a dama, a nan ta fi sa shi. A bar 'yar kafa don siririn bututun."

Raizel ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun tana shekara tara. Kuma ita ta ɗauki ta ɗaya a ajinsu har ta gama."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Gajiya ce wataƙila, biki saura kwana goma sha biyu. A hanyar gida Tirtza ta saƙala hannunta cikin nawa har bakin ƙofa.

Hannun rigar ya ɗan yi tsawo. Gobe zan koma in gaya wa Tzirel.