Ranar Litinin Zan Ɗaga Kai

Agege, Legas

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taka? Yaya su Inna? Ni lafiya ƙalau, aiki sai godiya, ko da yake shugabancin sito ya sake wuce ni, karo na uku. Kada Inna ta ji.

Wata ɗaliba 'yar Kafanchan, Rhoda, ta zo kamfaninmu tana binciken abin da ke hana 'yan Arewa ƙarin girma a Legas. Ta tambayi yadda nake yi a intabiyu. Na ce sunkuyar da kai nake, yadda ka koya mini, in aka tambayi ƙwazona in ce aikin na kowa ne. Ta ce ni ne na sha ɗaya da ya faɗa mata haka, manyan kuwa ɗauka suke ba mu iya aikin ba.

Na san ba shi kaɗai ne dalili ba. Amma Litinin akwai wata intabiyun, zan kalli oga cikin ido in faɗi aikina na shekara bakwai. Ka sa mini albarka. In na zo gida, a ƙasa zan zauna gabanka kamar kullum.

Ɗanka,
Ɗan Azumi