Na Sayar da Wayata

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yaran? Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata na sayar, na rage bashin mutumin da ya ranta min kuɗin tafiya. Saura wata uku mu rabu.

Lafiyata ƙalau, sai dai a ƙafa nake zuwa wurin aikina na wankin mota yanzu. Jiya mai bashin ya ce in ƙara ranta in sayi sabuwar waya, kada a raina ni. Na ce, "Mai rainin ya zo ya biya."

Ki gaya wa Kawu bana babu aike, ya yi ta magana. Inna ta sa ni a addu'a. Takalmina ya huje, amma nawa ne na kaina.

Ƙaninki.