Awa Shida da Sunan Ambrose

Fagge, Kano
3 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yaya Bintu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Maiduguri. Yaya ƙafar Inna?

Ki kwantar da hankalinki, jiya na sa mijinki Hambali a jirgin Landan. Mil kusan dubu uku ne, amma awa shida kacal. Motar da ke kai miki wannan takarda ta fi shi daɗewa a hanya. Sati ɗaya zai yi, ya auno leshi, mu cika kasuwar Kwari da shi tun kuɗin man nan bai bar hannun mutane ba.

Abu ɗaya, kada ya wuce kunnenki. Fasfonsa bai fito ba, sai na tuna da Ambrose mai gyaran rediyo a Sabon Gari, wanda ya yi fasfo amma tsoron jirgi ya hana shi tafiya. Tsayinsu ɗaya. Muka aske gemun Hambali, muka sa masa kwat. Bature ina ya san bambanci?

Ƙanenki,
Abdulgani

14 ga Maris

Yaya Bintu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, har yau shiru. Mun yi da shi zai bugo talgiram ranar da ya sauka. Jirgi uku na je tarya, ina leƙa fuskoki. Tafiyar awa shida, yau kwana goma sha biyu. Na ce wa 'yan kasuwa ciniki ne ya riƙe shi, har ni na kusa yarda.

Naki,
Abdulgani

19 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Talgiram ta zo, amma Sabon Gari aka kai ta, wurin Obiageli matar Ambrose. Wani asibiti a Landan ke sanar da ita mijinta na kwance, sanyi ya kama huhunsa, ba ya magana, kuma fadan coci na zuwa yi masa addu'a. Ta karanta, ga Ambrose a gabanta yana cin doya. Ta zo har Fagge ta jefa min takardar, ta ce in je in cire sunan mijinta daga gadon nan.

In na faɗi gaskiya, ni da Ambrose sai kurkuku. In na yi shiru kuma ta Allah ta kasance, a akwati za su sa Hambali, ba wanka ba salla, da sunan wani a kansa.

Akwai jirgi ran Talata. Ni ma fasfona bai fito ba. Amma Nwabueze, ƙanen Ambrose, yana da nasa, kuma an sha cewa muna kama.

Na riga na aske gemu. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanenki,
Abdulgani