Faifai Biyu da Zanen Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri ya sa aikin da ya kai ka can ya zama alheri. Mu nan kowa lafiya. Inna ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji. Auta ta ci jarrabawa, yanzu ba ta gaida kowa sai da yanga. Baba yana nan yadda ka sani, yanar idon ta ƙaru, amma kullum sai ya fito shago ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa, ya ji ƙarar inji. Na rubuto ne da hannu na ba direban da ke zuwa wajenku, saboda saƙonnin murya da na tura maka duk amsarsu ɗaya ce, hoton babban yatsa. Yatsa kuwa ba ya gyara kwamfuta.

Saƙonka ya iso, madabod, koren allon nan na cikin kwamfuta, sabo fil a kwalinsa, da ɗan ƙaramin faifan nan mai kama da cingam. An gode, Allah ya saka. Na kwance tsohon na ɗaura sabon, fanka ta juya, allo ya kawo haske, kwamfutar da ke jan injin surfani ta tashi cikin ƙiftawar ido. Sai dai manyan faifan ajiya guda biyu da ka saka tun kafin ka tafi, waɗanda duk zanen Baba ke ciki, babu su babu alamarsu. Ka san takardun da ya zana da hannunsa ruwan rufi ya gama da su tun shekarar da ka kwafe su cikin kwamfuta. Abin da ke cikin faifan nan shi kaɗai ya rage, daga zanen wuyan riga zuwa bajon makarantu.

Na fara da abin da kowa zai fara. Na canja wayoyi, na busa ƙura, na cire na mayar, na saurara da kunne na ji duka biyun suna juyawa, ke nan wuta na kai musu. Na shiga bayos, wannan shuɗin allon da ake duba kayan ciki, ya nuna ɗan cingam ɗinka kaɗai. Sai na zauna da ɗan littafin da ke cikin kwalin, ina haɗa baƙi yadda na saba, kalma ta gagare ni in duba a waya. A can ƙasan wani shafi, da rubutu kamar ƙafar tururuwa, suka ce duk wanda ya saka ƙaramin faifai a gurbinsa, ramuka biyu na farko na wayoyin faifai sun mutu. A ramukan nan biyu na cusa wayoyina. Wanda ya ɓoye magana irin wannan a gindin shafi, ban san me zan ce masa ba da Inna za ta yarda in rubuta. Na matsar da wayoyin gaba, faifan suka fito a bayos su biyu.

Murna ta koma ciki da na shiga kwamfutar. Ta gan su, amma ta ce ba ta san su ba, ta ɗauke su fanko, ta kuma fito da ɗan akwati a allo tana tambaya ko a shirya su. Kawu yana tsaye a kaina yana cewa tunda ita da kanta ta nemi a shirya, ai sai a shirya, har ya miƙa hannu zai danna. Na buge hannun. Na san bai kamata ba, an kuma yi min faɗa, na ba da haƙuri a gaban Inna. Shiryawar nan goge komai take yi, da ya danna, da yanzu ta'aziyya nake rubuto maka. Mai gyaran bakin titi, wanda yara ke kira Injiniya, shi ma ya leƙo ya ce fomat ne maganinsu, wato a wanke su tas. Shi ko ciwon kai ka kai masa, fomat zai ce. Amma ya faɗi abu ɗaya mai amfani, ya ce akwai masu ɗaure faifai biyu su zama ɗaya, kuma madabod ɗin da aka yi ɗaurin a kansa shi ke gane su.

Na karanta a kan haka har idona ya yi ja. Ɗaurin iri biyu ne. Ko dai kowane faifai yana riƙe da kwafin ɗan'uwansa, to ko ɗaya ya ishe mu. Ko kuma an raba kowane zane gida biyu, rabi nan rabi can, don sauri, to sai an samo madabod irin tsohon, an kuma san wanne ne na gaba wanne ne na baya. Za ka ce in mayar da tsohon mana. Ranar da na cire shi na ajiye a kan teburin yanka, Kawu ya yi sharar shago, ya haɗa shi da matattun batura ya ba masu sayen gwangwan, ya ce ya ɗauka an gama da shi. Na bi su har inda suke zubewa, na tarar da tulin alluna kore sun kai ƙuguna, duk an fasa. Kwalinsa ma babu, ni kuma ban riƙe lambarsa ba.

To Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ka yi ɗaurin nan, ba ka gaya wa kowa ba, ka sa takalmi ka tafi. Ba ƙorafi nake ba, tambaya ce. Wane iri ka yi? Mene ne suna da lambar tsohon madabod ɗin? Akwai kwafi a wajenka, ko a wani filas ɗin kwamfuta da ka manta a aljihun jaka? In ka manta, ka ce ka manta, zan san ta inda zan ɓullo. Kafin nan na cire faifan biyu, na naɗe su a ƙyalle na kulle a durowar zare, makullin yana wuyana.

Ban gaya wa Baba ba. Na ce masa sabon kaya ne, sai ya saba da wuri. Shekaranjiya wani tsohon abokin cinikinsa ya kawo yadi, yana son zanen igiyar nan mai sarƙa da Baba ya yi masa tun yana saurayi. Baba ya ce in kunna inji, na ce a ba mu mako. Da mutumin ya fita, ya ce in miƙo masa takarda da fensir. Ya sunkuya hancinsa na taɓa takardar, ya daɗe yana ja. Da ya gama ya ɗaga min ya tambaye ni ko bakin igiyar biyu sun haɗu. Tsakaninsu ya kai faɗin yatsa. Kowa ya san ni da baki, amma na tsaya ina gyara zare a inji kamar ban ji ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce in na rubuta maka in ce yana gaisuwa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Auta da Gwaggo suna gaisuwa, Kawu ma haka, ko da yake ni da shi sai ta bakin Inna muke magana. Ka gaida matarka da 'yan biyu, ka shafa min kansu. Direban zai juyo jibi, ka ba shi amsa a rubuce.

Wassalam, ƙaninka,
Barkono