Hannun Baba da Ɓerayen Auta

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ɓerayenka na ɗakin bincike.

Jikin Baba sai a hankali. Makyarkyatar ta gama da hannun dama, ta kama na hagu. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran agogo, yau kai cokali baki ya gagare shi. Jiya na tarar da shi yana fama da maɓallin riga, ya ce, "Kar ki taɓa, bari in gwada." Na tsaya ina kallo har ya haƙura.

Likita ya ce ciwon daga ƙwaƙwalwa yake. Maganin asibiti yakan sassauta masa na 'yan sa'o'i, sai abin ya dawo. Da bakinka ka gaya mana a waya cewa sinadarin da kuka tace daga ɓawon wata bishiya ya hana ƙwaƙwalwar ɓeraye lalacewa. To ka aiko mana. Shekara shida kana can, ni ke ɗagawa, ni ke kwantarwa.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Yaya, ki fahimce ni. Abin da muka tace bai cika rabin cokali ba, kuma ba a taɓa ba ɗan Adam ba. Ɓerayen da muka ƙara wa kaɗan a kan ƙima, hantarsu ta lalace. Kafin a kai ga mutane sai shekara biyar, ƙila goma, ƙila ma ba zai yi ba. Ba zan yi gwaji da mahaifina ba. Don Allah kada a bar maganin likita.

Ki gaishe min da Baba.
Ƙanenki, Auta

Auta,

Ina gaisuwa. "Shekara goma" ka rubuta, ko hannunka bai girgiza ba.

Ban manta sunan bishiyar ba. Na nemo ɓawon a kasuwa, na dafa, na ba shi kwana tara, na ajiye ƙwayoyin asibiti a gefe. Jikinsa ya sandare kamar katako. Ranar Talata ya faɗi a banɗaki, ƙugunsa ya karye. Muna asibiti, gado na huɗu daga ƙofa. Likita ya tambayi wanda ya tsayar da maganin, na ce ni ce.

Kar ka rubuto min "ai na gaya miki". Na sani.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ya mai jiki?

Ba zan faɗa ba, don laifin har da nawa. Ranar da na kira ina ɗoki, so nake Baba ya yi alfahari da ni, shi ya sa na zuzuta abin fiye da yadda yake.

Na nemi hutu. Shugaban sashenmu ya ce sai an kammala wannan gwajin, saura mako uku. In na taho yanzu, aikin shekara biyu ya tashi a banza. Ki ce wa Baba ina tafe.

Allah ya ƙara sauƙi.
Ƙanenki, Auta

Auta,

Na karanta masa wasiƙarka. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na kai kunne bakinsa. Ya ce ka zauna ka gama aikinka, wasu ma suna da iyaye.

Shi ya faɗa, ba ni ba.

Likita ya ce a sanar da 'yan uwa na kusa. Na sanar da kai.

Yayarka